Tulun da Afiniki Ta Fasa

Har zuwa bazarar bana, duk wanda ya bi hanyar rafi a unguwarmu ta bayan layin dogo, kafin jirgin safe ya yi kuka a tashar Kafanchan, zai gamu da Mama Afiniki Dogara tana dawowa da kwandon yumɓu a ka. Ba ta doguwar gaisuwa a wannan lokaci. Za ta ce maka sannu ta wuce, don yumɓu yana da nauyi kuma rana ba ta jira. Idan ta sauke a gindin mangwaron gidanta, sai ta daka tsingaron tsofaffin tukwane ta barbaɗa a kai, ta yi ta takawa da ƙafa har ya yi laushi. Daga nan sai ta sunkuya. Ba ta da keken juya tukunya irin wanda muke gani a hotuna. Ita ce ke zagaya tukunyar da baya da baya, tana ɗora yumɓu zobe a kan zobe, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har cikin ya fito, wuya ya tashi. Da totuwar masara take yi musu ado. Ranar gashi kuma, suna fitowa daga wuta da zafinsu take yayyafa musu ruwan makuba, su yi wannan duhu mai sheƙi da kowa ya san nata da shi.

Shekara arba'in da 'yan kai tana wannan aiki. Bana ta ajiye, saboda hannuwan sun fara rawa kuma bayan ya ƙi miƙewa. Ba a yi taro ba, ba a yanka kaza ba, babu wanda ya yi jawabi. Shi ya sa ni, Silvanus Sambo, malamin firamare kuma tsohon magatakardan ikilisiyarmu, na ga ya kamata in yi nawa jawabin a rubuce. Akwai kuma wani dalili da zan faɗa a gaba, wanda ba ya ƙara mini daraja.

Abin da ya bambanta Mama Afiniki da sauran magina shi ne kunne. Ba ta yarda da ido. Kowace tukunya ta huce, sai ta ɗauke ta ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta karkata kai tana saurare. Wadda kai za ka rantse lafiyarta lau, ita sai ta ajiye ta gefe ta ce wannan ba ta da murya, ba za ta kai damina ba. Raliya mai kunun tasha ta gaya mini cewa ta taɓa nacewa sai an ba ta wata randa da aka ware, don ta fi sauran kyau. Mama Afiniki ta hana ta, ta ba ta wata mai karkataccen baki. Raliya ta tafi tana gunaguni. Shekara tara ke nan, randar nan mai karkataccen baki tana nan a rumfarta, kuma ma'aikatan reluwe sukan tsallake rumfa uku su zo shan ruwanta don sanyi.

A shekarun baya, ni ne mai koyar da zane a makaranta ranar Jumma'a. Ina da littafi da aka buga a Ingila. Daga ciki nake sa yara su zana tuffa, da gida mai bututun hayaƙi a saman rufi, abubuwan da ni kaina ban taɓa gani ba. Wanda ya kwaikwayi littafi sosai shi nake ba maki mai yawa. Kullum kuma ina wucewa ta ƙofar Mama Afiniki da littafin nan a hammata, in ga ta sunkuye cikin taɓo, in ji tausayinta don ba ta yi boko ba. Da wani ya ce mini a lokacin wai wannan mata ta fi ni sanin abin da nake koyarwa, da na yi masa dariya.

Labarin da ya sa nake wannan rubutu ya faro ne a shekarar 1971. Malam Luke, wanda shi kaɗai ya iya kaɗa ogan, wato molon Turawa mai iska, a majami'armu, ma'aikacin reluwe ne, aka yi masa canji zuwa Zariya. Ogan ya zauna a lungu, ɓeraye suka gama da cikinsa. Waƙarmu ta mutu. Benci na gaba ya gama baiti, na baya yana tsakiya, kowa yana jan nasa kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Ni da nake zaune kusa da fasto, nakan ga mutane suna gyangyaɗi a tsaye.

Matan Zumunta kuwa, wato ƙungiyar matan ikilisiya, sukan taru a gidan Mama Afiniki ran Alhamis su koyi waƙa. Mama Regina, shugabarsu, ita ta ba ni labarin yadda abin ya faru. Wata rana waƙa ta ƙi daidaituwa, sai Afiniki, da ke zaune gefe tana duba sabon gashin tukwane, ta ɗauki gammonta ta buga a bakin wani babban tulu. Ya ba da wata murya mai zurfi, irin wadda mutum ke ji a ƙirji kafin ya ji a kunne. Ta sake bugawa, ta sake. Ba wanda ya ce a bi, amma mata ashirin suka tarar da kansu suna sauke ƙafa a lokaci ɗaya. Cikin makonni kaɗan ta zaɓo wasu biyu ƙanana, ta zuba musu ruwa kaɗan kaɗan har muryarsu ta dace da ta babban. Ta sa musu suna Uwa, Ƙanwa da Auta.

Ranar godiyar kaka suka shigo da su majami'a, mata ɗauke da acca da doya da citta, Uwa tana gaba tana ba da taki. Ina wurin. Ban taɓa jin mutanenmu sun yi waƙa haka ba. Tsofaffin da Hausar littafin waƙa ke yi wa wuya, ran nan bakinsu ya buɗe. Ana cikin haka Baba Meshak, babban dattijon ikilisiya, ya tashi ya ɗauki sandarsa ya fita, bai dubi kowa ba.

Ba na so mai karatu ya ɗauki Baba Meshak mugu, don ba mugu ba ne. Yana cikin mutum biyar na farko da aka yi wa baftisma a ƙauyensu. Mahaifinsa mai kula da kurmin dodo ne, inda ake bautar gargajiya, shi kuma kafin ya tuba giya ta kusa kashe shi. Abin da ya bari ya bari da jini da hawaye, danginsa suka yi shekaru ba sa ci da shi. Uwa kuwa, babu abin ɓoyewa, sifarta sifar tulun burkutu ce: faɗin cikin nan da gajeren wuya. Ba don giya aka gina ta ba, ko ɗigo bai taɓa shiga cikinta ba, amma wannan sifar ce ke ba da zurfin murya. Mu mun ji kiɗa. Shi ya ga tulun giya a gaban bagadi, a gidan da ya gudo don ya tsira daga shi. A taron dattawa ya gaya mana cewa da aka buga tulun nan, warin burkutu ya ji a hancinsa.

Taron ya yi tsawo. Aka yanke cewa za a sa Afiniki ƙarƙashin horo: ta koma bencin baya, ba za ta ci jibin Ubangiji ba, sai ta fasa. A nan ne aka yi kuskuren da sai mu za mu yi shi. Bahaushen Kano idan ya ce a fasa tafiya da a fasa ƙwai, kunne yana rarrabewa, don ɗaya yana jan wasali ɗaya ba ya ja. Mu da muka tsinci Hausa a kasuwa da majami'a, kowa da karin harshen uwarsa yake furta ta. Fasto yana nufin ta fasa kawo tulun, wato ta daina. Baba Meshak yana nufin ta fasa shi ya tarwatse. Kowa ya gyaɗa kai yana tsammani an yarda da nasa. Ni kuma magatakarda, na je ofishin makaranta na zaɓi takarda mai kauri, na buga da tafireta cewa horo zai tsaya har sai ta fasa tulun. A rubuce kalmar ɗaya ce. Na sa hannu da wani lanƙwasasshen sa hannu da nake alfahari da shi, na kai mata da kaina.

Ba ta iya karatu ba, Mama Regina ce ta karanta mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta dube ni.

"Malam, wane fasa ne a ciki? Na bari ko na buga a ƙasa?"

Na ce mata abin da aka rubuta ke nan. Gaskiyar magana ban sani ba, kuma girman kai ya hana ni cewa ban sani ba. Ta karɓi takardar ta ninke, ta yi mini godiya, har ta ba ni gauta in kai wa iyali.

Wata biyar ta yi a bencin baya. Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai gane nauyin wannan benci ba. Nan ake zaunar da wanda aka kama da zina ko maye. Mace mai shekara sittin, gwauruwar da mijinta ya ɗauki duwatsun harsashin ginin nan a kansa, ita ce zaune a can, yara suna waiwaye. Ranar jibi, idan an zo da gurasa da ƙoƙo, mai rabo yakan tsaya benci ɗaya kafin nata ya juya. Mama Regina ta ce ranar Kirsimati ta ga hawaye yana sauka a fuskarta, ba ta ko share ba. Wannan tebur na jibi shi ne abin da ta fi so a duniya, kuma kowa ya san hanyar komawa gare shi ba ta fi ɗaga tulu a sake shi a kan dutse ba.

Mata suka rabu biyu wajen ba ta shawara. Wasu suka ce ta fasa kawai, ai ita ce mai ginawa, ta gina wani ta ajiye a ɗaki. Wasu suka ce ta tsallaka layin dogo ta koma wata majami'a inda ba a tsananta ba. Ta ƙi duka biyun. Ta ce ba za ta bar inda aka yi mata baftisma ba, kuma ba za ta kashe abin da bai yi laifi ba don a ce ta tuba, alhali zuciyarta ba ta ga zunubin ba. Ko Lahadi ɗaya ba ta yi fashi ba.

Abin da ta yi a maimakon haka, ni da iliminna bai taɓa zo mini ba. Ta je ta sami Baba Meshak a gonar cittarsa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙe shi ya gaya mata ainihin abin da ke damunsa game da tulun: muryar ce, ko adon wuyan, ko launin. Dattijon ya ajiye fartanyarsa. Sai ya ce ba ko ɗaya. Abin da ya sani shi ne, tulun da zai iya riƙe giya tulun giya ne, ko yau babu a ciki gobe za a iya zubawa. Ta yi masa godiya ta koma gida.

Ta nemi wata tsohuwar ƙusar layin dogo da mijinta ya bari. Kowace yamma bayan aiki takan kwantar da Uwa a cinyarta, ta ɗiga ruwa a gefen cikin, ta yi ta murza bakin ƙusar a wuri ɗaya. Gasasshen tulu ba ya son wasa, matsawa kaɗan ta wuce kima sai ya tsage har gindi. Mako uku ta yi tana wannan murza. Sauran magina da suka ji labari suka ce Afiniki ta taɓu, don a wurinsu babu abin kunya kamar tukunya mai yoyo, balle a ce maginiya ce ta huda da hannunta.

Ana saura mako biyu Ista ta aiko a gaya wa dattawa ta cika sharaɗi. Muka taru a ɗakin taro. Ta shigo da tulun a ka, lafiyayye, da bokitin ruwa a hannu. Baba Meshak ya ɗaure fuska. Ta ajiye tulun a tsakiya ta tuttula ruwan a bakinsa. Sai ga ruwa yana tsiyaya ta wata ƙofa a gefe, zagayayya sumul, faɗinta bai kai tafin hannu ba. Ya bi daɓe har ya jiƙa takalmina.

"Baba, kun ce in fasa, na fasa," in ji ta. "Yanzu shi ba ya riƙe giya. Ko ruwa ma ba ya riƙe."

Baba Meshak ya sunkuya, ya sa yatsunsa biyu cikin ƙofar, ya zagaya bakinta a hankali.

"To me zai riƙe, 'yata?"

"Murya kawai, Baba."

Ta tsiyaye sauran ruwan, ta ɗauki gammo ta buga bakin, ta rufe ƙofar gefe da tafin hannu ta buɗe. Tulun da dā yake da murya ɗaya yanzu ya yi biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, yana tambaya yana ba kansa amsa. Ita kanta ta gaya mini daga baya cewa ba ta san haka zai faru ba sai da ta gama hudawa. Dattijon ya koma ya zauna. Da ya buɗe baki, bai yi maganar horo ba. Cewa ya yi ta sake bugawa. Ranar Ista da hannunsa ya miƙa mata ƙoƙo.

Sauran labarin kowa ya gan shi, ko da bai san mafarinsa ba. Daga nan ta fara gina su da ƙofar tun suna ɗanye. Matan Zumunta daga Kachia da Gwantu suka riƙa aiko a gina musu. A babban taron mata da aka yi a Zonkwa shekara uku da suka wuce, na ƙirga tuluna masu ƙofa a gefe fiye da talatin, wasu nata, wasu na waɗanda suka kwaikwaye ta, ciki har da maginan da suka ce ta taɓu. Na tambayi wata mai kaɗawa ko ta san wanda ya kawo wannan a yankinmu. Ta ce ai tun kakanni haka yake. Wataƙila a wasu ƙasashe haka ne, ban yi yawo ba balle in yi musu. Amma a unguwarmu na san ranar, na san ƙusar, kuma takalmina ya jiƙe.

Wata Baturiya malamar kwaleji ma ta taɓa zuwa, ta yi ta zagaya Uwa tana yabo, ta ce tana so ta ajiye ta a falo a kan teburi don baƙi su gani. Mama Afiniki ta tambaya ta bakina wa zai riƙa kaɗawa a can. Da aka ce babu, sai ta ce a ba baƙuwa haƙuri, tulun zai yi kewa. Na daɗe ina tunanin wannan. Abu ɗaya ne na yumɓu, amma dattijo ya ga giya, magina suka ga yoyo, Baturiya ta ga kayan ado, ni kuma malamin zane ban ga komai ba. Kowannenmu da abin da aka cusa masa tun yana ƙarami ya duba. Ita kaɗai ce ta ɗauki wahalar zuwa ta tambayi wani me yake gani.

Mama, ke ce maginiya mai kunne. Ke ce aka tura bencin baya, ba ki yi gaba da kowa ba, ba ki kuma yi tuban ƙarya ba. Ke ce kika ɗauki tsoron dattijo da muhimmanci, a lokacin da mu matasa muke yi masa dariya a ɓoye muna sa hannu a takardarsa a fili. Kin nuna mana cewa hikima ba sai an ɗauko ta daga littafin Ingila ba, tana iya fitowa daga tsohuwar ƙusa da haƙurin mako uku. Tun waccan shekarar na daina sa yara zana tuffa. Rafi nake kai su su ɗebo yumɓu.

Makon jiya na je gaishe ta. Na tarar da ita a gindin mangwaro, surukarta Catherine tana zagaya wata tukunya da baya da baya, ita kuma tana gyara mata da baki. Shekara bakwai ina ɗauke da wata magana, ran nan na sauke. Na ce mata ni na buga takardar nan, kuma ranar da ta tambaye ni wane fasa ne, ban sani ba na yi kamar na sani. Da na koma na tambaya, da wataƙila ba ta yi wata biyar a baya ba. Na roƙe ta gafara, na kuma tambaya ko takardar tana nan, in karɓa in ƙona.

Ta yi dariya har da tari. Ta sa Catherine ta ɗauko mata gammon da ake buga Uwa da shi, wanda ya sha faci har ba a gane zanen asali. Ta ɗora mini a hannu ta ce in matsa tsakiyar. Na matsa, na ji wani abu mai tauri yana ƙara a ciki.

"Takarda ɗin ka ne, Malam. Tsumma kaɗai ya cika laushi, ba ya fitar da murya. Na ga naka yana da kauri mai kyau, sai na sa. Tun Ista ɗin nan shi yana aiki kowane Lahadi."

Na zauna riƙe da gammon nan, kunya da farin ciki suka haɗe mini. A duk rubuce-rubucen da na yi wa ikilisiya cikin shekara goma sha biyu, wannan ce takarda ɗaya da na tabbata ta yi wa Allah hidima, kuma ba ni na sa ta ba.

Mun gode, Mama Afiniki. Ubangiji ya sauƙaƙa miki ciwon baya, ya bar miki kunnenki. Ku kuma da kuke karantawa, akwai irinta a unguwarku, tana sunkuye a kan wani aiki da kuke wucewa kullum da littafi a hammata. Ku tsaya ku tambaye ta me take ji, tun tana iya ba ku amsa. Na roƙi a ba ni gammon in ajiye don tunawa, ta ce a'a, jibi Lahadi, ana bukatarsa.